Wai mu guragu da makafi da kurame ba a gina sinima da mu a rai ba ne?

MaiKeke_Dala:
Salamu alaikum 'yan guruf. Abin nan ya kwana biyu yana ci min tuwo a ƙwarya, bari yau dai in amayar da shi in huta. Ranar Sallah ta uku na ce wa uwargida ta shirya mu je sinima, tunda muka yi aure ban taɓa fita da ita irin wannan wajen ba, ga sabon fim ɗin Hausa ana ta tallansa a Facebook. Ba zan faɗi sunan wurin ba don ba tonon silili na zo yi ba. Mun je mun sayi tikiti har da gugguru, sai ga ɗakin kallon a saman bene, lif ɗin an manna masa takarda wai ya lalace. Ni kuwa shan inna ta kama ni tun ina shekara uku, da keke nake yawo. Samari biyu suka ce Malam kawo mu ɗauke ka, ɗaya ya kama ni ta hammata ɗaya ta ƙafafu kamar buhun masara, hulata ta faɗi ta gangara ƙasa, shaddar Sallata ta tattare har ciki a waje, mutane sun tsaya suna kallo, matata tana biye da mu tana jan keken hawa ɗaya bayan ɗaya. Da muka shiga kuma babu inda za a ajiye keke sai can gaba dab da allon, awa biyu ina ɗage da kai kamar mai neman jinjirin wata. Tsakiyar fim fitsari ya kama ni, haka na danne don na riga na ga ƙofar banɗakin, keke ba zai shiga ba. Tambayata ita ce, masu sinimomin nan da masu shirya bukukuwan finafinai sun san da zamanmu kuwa? Ko kuɗinmu ne ba ya kashuwa?

Ummu_Hanan:
Wa'alaikassalam. Wlh har na ji ƙwalla, Allah ya saka wa matarka da alheri.

Sagir_Kwari:
Allah ya ba da haƙuri Malam. Amma gsky ni ina ganin yaran nan sun kyauta ai, ba su bar ka a ƙasa ba. Mu nan ƙasar Hausa ba a rasa mai taimako, ba kamar Turai ba da kowa tasa ta fishshe shi.

MaiKeke_Dala:
@Sagir_Kwari na gode musu kuma har na ba su na ruwa. Amma kai za ka yarda a ɗauke ka cak a gaban matarka duk ranar da za ka shiga wani wuri? Kuma a ce gobara ta tashi a ɗakin nan ko wuta ta ɗauke aka fara turereniya, wa zai tsaya neman hammatata? Ban ma faɗa muku ba, ina kan layin tikiti da kuɗina a hannu wani bawan Allah ya zo ya cusa min ɗari biyu a aljihu ya ce a yi masa addu'a. Shi a ransa ba zai yiwu gurgu ya zo kallo ba, bara ce ta kawo shi.

Dan_Takai01:
Ana fama da abin da za a kai baki kuna zancen sinima. A fara gyara asibiti da makaranta tukunna.

Bilkin_Zariya:
Kai Ɗan Takai, kai ma ai datar da ka sa ka shigo nan da ka sayi garin kwaki da ita 😂 Mutum ya nemi kuɗinsa da guminsa ya ce zai faranta wa iyalinsa, sai a ce ya jira sai an gama gyara Najeriya?

Lauya_Mansur:
Bari in shigo da ɓangaren doka don mutane da yawa sun ɗauka alfarma ake roƙo. Akwai dokar hana nuna wa nakasassu wariya ta 2018, shugaba Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga yadda mai keke da mai sanda zai iya shiga, wa'adin nan ya cika tun Janairun 2024. Kamfanin da aka samu da laifin wariya tararsa naira miliyan ɗaya ce, mutum ɗaya kuwa dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Har maganar layi tana ciki, cewa a fara sallamar nakasasshe. Kuma dokar ce ta kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa da ke Abuja. To doka dai ga ta a takarda, matsalar ita ce wa ke zuwa ya duba, kuma mu nawa ne ke rubuta ƙorafi. Shawarata Malam ka rubuta wa manajan wurin takarda, ka sa kwanan wata, ka riƙe kwafi da tikitinka. Maganar baka iska ce ke kwashe ta.

Dan_Takai01:
Miliyan ɗaya a yanzu ai kuɗin dizal ɗin 'yan kwanaki ne a wajensu, su biya su ci gaba da harkarsu.

Lauya_Mansur:
Nan kam ka yi gaskiya, lokacin da aka rubuta dokar miliyan tana da nauyinta.

Injiniya_Tukur:
Ni magini ne, bari in faɗi abin da nake gani a wajen aiki. Sau da yawa mai gini zai ce a yi masa gangaren keke don kawai a ce akwai, sai lebura ya zuba siminti a gefen matattakala ya shafe, abin ya fito a tsaye kamar zamiyar yara, a bi da tayil mai santsi kuma. Wannan ba hanya ba ce tarko ne. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk tsayin ƙafa ɗaya a ba shi tsawon ƙafa goma sha biyu, wato in dakalinka ya kai ƙafa biyu kana buƙatar gangaren ƙafa ashirin da huɗu, da ƙarfen riƙewa a gefe, da wajen hutawa in ya yi tsawo. Ƙofa kuma ta kai wajen santimita 90. Banɗaki ya zama keke zai iya juyawa a ciki. In aka sa wannan tun a zane kuɗinsa kaɗan ne, amma in an gama gini aka dawo fasa bango nan ne mai gida zai fara cewa ba kuɗi. Sannan a ƙasar da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, duk wanda ya ɗora ɗakin kallo a sama ya dogara da lif ɗaya tal ya san abin da ya shuka.

MaiKeke_Dala:
Allah ya biya ka Injiniya. Irin gangaren da ka faɗa ya taɓa kifar da ni ta baya a wani banki. Da sun kira ɗayanmu ya gwada kafin simintin ya bushe da an huta.

Kurma_Mai_Aji:
Ni kurma ce. Na yi makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki a Kano. Ku yi haƙuri da Hausata, na fi rubutu da Turanci. Ni ina hawa bene lafiya, matsalata daban. Fim ɗin Hausa in babu rubutu a ƙasa baki kawai nake gani yana motsi. In akwai rubutu, wani lokaci Turancin ba a gane shi, ko ya wuce da sauri, ko fari a kan farar riga. Kuma magana kawai suke rubutawa. An ƙwanƙwasa ƙofa, waya ta yi ƙara, an harba bindiga a waje, kowa ya firgita, ni ban san dalili ba. In waƙa ta zo rubutu ya tsaya gaba ɗaya minti biyar. Ƙanwata ce take min bayani da hannu, a sinima kuma duhu, ba na ganin hannunta.

Bilkin_Zariya:
Subhanallah, wlh ban taɓa tunanin maganar duhun nan ba.

Sagir_Kwari:
To a riƙa yin rubutun da Hausa mana tunda fim ɗin Hausa ne.

Malama_Rabi_T:
@Sagir_Kwari abin bai kai nan sauƙi ba. Ina koyar da yara kurame shekara da shekaru. Wanda aka haifa kurma bai taɓa jin Hausa da kunnensa ba, in ya shiga makaranta da Turanci ake koya masa karatu, da maganar hannun makaranta wadda asalinta daga ta Amurka take, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka mai suna Andrew Foster ne ya kafa makarantar kurame a Ibadan a 1960 daga nan ta bazu. Shi ya sa 'yar'uwarmu ta ce Turanci ya fi mata sauƙi. Sannan ga kuramen da ba su je makaranta ba, su da maganar hannu ta gargajiya ta ƙasar Hausa suke magana, wadda ake yi a kasuwa da majalisa, kuma yare ne cikakke har wata Bajamushiya Constanze Schmaling ta yi littafi a kansa. Su rubutu ko da wane yare ba zai amfane su ba. Ga kuma wanda ya kurmance da girma bayan sanƙarau ko tsufa, shi Hausa yake so. Kun ga kashi uku ke nan. Don haka in mai shirya biki ya kawo tafinta ɗaya ya tsayar a lungu ya ce ya gama da kurame, bai gama ba.

Editan_Zoo_Road:
Ni a masana'antar nake, tace hoto nake yi. Ba kare kanmu zan yi ba amma ku san yadda abin yake. Rubutun ƙasa shi ne abu na ƙarshe da ake tunawa, kuɗi sun ƙare, furodusa yana tsaye a kanka gobe za a saki fim, sai a kira wani yaro a ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a ce ya fassara cikin dare ɗaya. Ina za a samu mai kyau? Kuma gsky ba don kurame ake yinsa ba, don waɗanda ba sa jin Hausa ake yi. Amma abin da Kurma_Mai_Aji ta faɗa na rubuta ƙarar ƙofa da waya da baitin waƙa, wannan ba ya cin ko sisi, rashin sani ne kawai. Yanzu da aka koma masu dogon zango a YouTube ma abin ya fi sauƙi, za ka iya ɗora rubutu kala biyu, Hausa da Turanci, mai kallo ya zaɓa ko ya kashe. In sha Allahu aikin da ke hannuna zan gwada.

Kurma_Mai_Aji:
Na gode. In ka gama turo min in duba kafin ka saki.

Abu_Sumayya:
Ni fa ban ga abin ɗaga jijiyar wuya ba. Gidan sinima wajen alheri ne da har za a yi ta fafutukar shiga? Wanda Allah ya tsare shi daga wurin sai ya gode.

Hafizu_Makaho:
Malam Abu Sumayya, in sinima ba ta dace ba to ba ta dace da kowa ba, sai ka yi wa masu ƙafa da masu ido wa'azi su ma. Amma ba matattakala ce za ta zaɓa mana abin da ya halatta ba. Kuma matattakalar nan ita ce dai a ƙofar masallatai da yawa, a nan me za ka ce? Af, kafin wani ya tambaya, wayata ce take karanta min rubutunku da TalkBack, Hausar tata dai kamar Bature ya sha kunu da zafi amma muna fahimtar juna.

Sagir_Kwari:
Tuba nake Malam Hafizu, amma makaho da kallon fim? Tambaya ce tsakani da Allah ba izgili ba.

Hafizu_Makaho:
Ai gara mai tambaya. Ina bin finafinai sosai, muryar jarumai da yawa ko tari suka yi zan gane su. Inda nake ɓata shi ne in aka yi shiru sai kiɗa, can sai in ji ɗaki ya ɗauki salati, ashe kishiya ce ta barbaɗa abu a miya, ni ina zaune ban san an yi ba. Maganinsa kuwa akwai shi, ana naɗar murya daban da take faɗin abin da ke faruwa a tsakanin maganganu, kamar a ce ta waiga ta ga ba kowa, ta kwance ƙullin leda. A sinimomin waje na'ura ake ba ka ka sa a kunne, na kusa da kai ba ya ji. Netflix ma suna da shi a finafinai da yawa. Abin da ke ba ni mamaki, mu da muke da masu fassarar finafinan Indiya, mutum ɗaya ya yi muryar jarumi da jaruma da boss har ya ƙara da sharhi, mu da muka tashi da jin sharhin ƙwallo a rediyo, a ce wannan ne zai gagare mu?

Baba_Na_Fagge:
Yaro ka tuna min da. Kafin sinima ta zama ta kowa akwai majigi, motar gwamnati ce take zuwa ta kafa farin ƙyalle a fili, ƙofar fada ko filin makaranta, ga mai bayani da lasifika yana faɗin abin da ake gani da Hausa, har ya sa barkwanci. Makafi suna zuwa su zauna su saurara kamar kowa. Sinimominmu na da kuwa, su Plaza, Orion, Wapa, Eldorado, Marhaba, yawanci fili ne a buɗe sama ba rufi, guragu da kekunansu na hannu suna shiga, na sha ganinsu. Ba wai don an yi tunaninsu ba ne, ginin ne ya zo a haka. Mata kuwa a lokacin ba a ma zancensu, wadda ta shiga sunanta ya ɓaci. Yanzu an samu sanyi da kujera mai laushi an kuma haye sama.

Issoufou_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Baba abin da ka faɗi har yanzu muna da irinsa, akwai masu sinimar yawo da suke shiga ƙauyuka da mota da janareto su kafa allo da dare. Ba bene ba tikiti, amma rairayi ne matsala, keke nutsewa yake sai an tura. Na taɓa zuwa FESPACO a Wagadugu, bikin finafinan Afirka da ake yi tun 1969, wanda ɗan ƙasarmu Oumarou Ganda ya fara cin babbar kyautarsa a 1972. Abin da na lura, a biki wahalar ta wuce ta ɗakin kallo, fim ɗaya nan ɗaya can ƙetaren gari, ga cunkoso a ƙofa. Mai lafiya ma yana jigata balle mai sanda.

Zee_Kaduna:
Wannan haka yake. Na taɓa yin aikin sa kai a wani bikin finafinai, ba zan faɗi wanne ba. An gayyato ƙungiyar masu buƙata ta musamman, aka ware musu zama na musamman a kan yadda za a dama da su, aka buga a fosta. Ranar taron babban baƙon da zai yi jawabi a keke yake, dandamalin kuma hawa huɗu ne. Haka aka sauko masa da makirfo ƙasa, sauran manyan baƙi suna sama a kan kujeru shi yana ƙasa kamar mai kawo ƙara. Tafintan kurame kuma ya yi awa ɗaya ya tafi don na buɗe taro kawai aka biya shi. Wlh kunya kamar in nutse. Tun daga nan na gane a fom ɗin rajista ya kamata a tambayi mutum me yake buƙata, kuma a sa su a kwamitin shiri tun farko. Yanzu muna da bukukuwan finafinai irin su KILAF a Kano, KADIFF a Kaduna, Zuma a Abuja, duk wanda ya fara yin wannan da gaske sauran za su kwaikwaya.

Hafizu_Makaho:
Zee kin ce masu buƙata ta musamman, ni dai ku ce min makaho ban damu ba, Sarkin Makafi ma da sunan ake naɗa shi. Buƙatata irin ta kowa ce, in ji daɗin fim.

Malama_Rabi_T:
Wasu kuma kalmar nakasasshe tana musu ciwo Malam Hafizu, musamman iyaye. Ni wadda ba na so sam ita ce bebe, don da ita ake tsokanar yarana a unguwa, kuma finafinan barkwanci sun taimaka wajen hakan, a sa mai ji ya riƙa be-be-be yana wurgi da hannu ana dariya.

Nura_Leeds:
Ina Ingila. Nan akwai wani kati da ake kira CEA, nakasasshen da ke buƙatar rakiya in ya sayi tikiti ɗan rakiyarsa kyauta zai shiga. Akwai kuma nunin da ake yi don yara masu lalurar galahanga wato autism, a rage ƙara, a bar fitila da ɗan haske, yaro ya tashi ya zaga ba mai harararsa. Amma kar ku ɗauka aljanna ce, kurame a nan kullum ƙorafinsu fim mai rubutu sai a sa shi ranar aiki da rana tsaka lokacin da kowa yana ofis. Kan maganar Malama Rabi kuma, fim ɗin CODA da ya ci Oscar a 2022 kurame na gaske ne suka fito a matsayin kurame, ɗayansu Troy Kotsur har ya ci kyautar jarumi mai taimakawa. Indiya ma da muke koyi da su a waƙa da rawa, a 2024 gwamnatinsu ta fitar da ƙa'idar sa rubutun kurame da bayanin makafi a finafinan sinima.

Ummu_Hanan:
Nura wannan na rage ƙarar shi nake nema. Ɗana shekararsa tara, ko injin markaɗe aka tayar sai ya toshe kunne yana ihu. Sau ɗaya muka kai shi kallon katun tare da 'yan'uwansa, ko minti goma ba mu yi ba wata mata ta juyo ta ce in ba za ki iya tarbiyyar ɗanki ba ki fitar mana da shi. A mota muka zauna ni da shi har aka tashi. Ko safiyar Asabar ɗaya a wata aka ware mana wlh za mu cika ɗakin, muna da yawa, ɓoye yaran kawai ake yi a gida.

Dan_Takai01:
To naji, amma ɗan kasuwa riba yake nema. Mutum nawa ne za su zo?

Bilkin_Zariya:
Hukumar lafiya ta duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida yana da wata nakasa. Kuma ba su kaɗai suke zuwa ba, MaiKeke tikiti biyu ya saya, Ummu Hanan mota guda ta cika. Ka ƙara da tsofaffi masu ciwon gwiwa da masu juna biyu, su ma gangaren zai musu amfani.

Sagir_Kwari:
Ni duk wannan ya sa na tuna gidan kallon ƙwallon unguwarmu, don talaka can ne sinimarsa. Benci a jere ba masaka tsinke, ga kwata a bakin ƙofa an ɗora katako ɗaya. Akwai wani gurgu ɗan Arsenal da kullum daga waje yake leƙe ta taga kuma ana karɓar kuɗinsa. Yau zan yi wa mai gidan magana.

MaiKeke_Dala:
Yauwa Sagir, a cire benci ɗaya a sa faffaɗan katako, shi ke nan fa. @Lauya_Mansur na rubuta takardar, zan turo maka ta inbox ka duba min kafin in kai. Sai dai ofishin manajan ma a saman benen yake.

Hafizu_Makaho:
😂😂 Ka ba ni in kai maka, ni ina iya hawa, sai dai a samo wanda zai nuna min ƙofar.

Injiniya_Tukur:
Ku sa rana ina zuwa da tef ɗina in auna ƙofar banɗakin, a haɗa da awon a cikin takardar. Asabar bayan la'asar ta yi muku?